Inda Hannun Iya Ya Tsaya

Gidanmu na Limawa a wancan lokacin dangar kara ce ta kewaye shi, in ka tsaya a tsakar gida kana hango duwatsu sun leƙo ta saman rufin ɗakuna. Iya, mahaifiyar babanmu, ɗakinta ne na ƙarshe, dab da turken shanu biyun da suka rage mata daga garken mijinta. In an kwashe amfanin gona, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta kwaso garwashin murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta ƙara masa kara, ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a gaba. Duk mai son tatsuniya sai ya taya ta ɓara. Ni rabin tawa ciki take tafiya, kuma Iya tana gani.

"Maigida," haka take kirana, "kai dai ba za ka ciyar da ni ba, sai dai ka cinye ni."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Na kwance ta daga turke, wa zai kama igiya?" Mu ce, "Mu ne, Iya!"

Akwai wadda muka fi so, ta wata yarinya da karsanar babanta ta ɓata a hannunta. Ta bi sawu har gindin wata kuka, sai hanya ta rabu biyu, ɗaya ta hau dutse, ɗaya ta gangara fadama. Nan Iya take tsayawa, ta dube mu. "To, ina za ta bi?" In muka ce dutse, yarinya ta tarar da kura sanye da ƙararrawar wuyan karsanar, sai an san dabarar da za a tambaye ta ba tare da an zama abincin dare ba. In muka ce fadama, ta tarar da wani manomi ya ɗaure karsanar saboda ta cinye masa dankali, sai ta yi masa kwana uku tana ban ruwa kafin ya sake ta. Wata rana muka yi ta gardama, muka sa yarinyar ta ruga gida kiran yayyenta. Kafin su dawo sawu ya ɓace, karsana ta tafi ke nan. Ƙanwata Asabe ta fashe da kuka, ta ce Iya ta gyara. Iya ta ce, "Ni ina ruwana? Ina zaune kuka kore ta gida." Ba ta gyara ba.

Sannan kowane dare sai ɗayanmu ya ba da tasa. Ranar da aka zo kaina, ina ɗan shekara tara, na shirya tsaf. Na fara da sunan gari, da sunan mai gari, da na ubansa, da yawan rumbunansa. Yayana ya yi hamma da gangan. Iya kuwa tana ta ɓarar gyaɗarta, ƙas, ƙas, ba ta ɗago ba. Can na zo inda akuyar mai gari ta faɗa rijiya, ta ɗaga kai ta ce wa mai jawo ta, "Kada ka gaya wa kowa na iya magana." Sai ƙarar gyaɗa ta ɗauke. Na ci gaba na kwaɓa ƙarshen yadda na iya.

Da na gama ba ta ce ta yi daɗi ba, ba ta ce ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Sau ɗaya hannuna ya tsaya, wajen akuyar nan. Me ya sa ba ta so a sani?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To je ka tambayo ta. Jibi ka fara daga bakin rijiyar, ka bar mai gari da rumbunansa su huta." Na kwana biyu ina tunanin akuya.

Daga baya na yi shekaru ina tuƙa babbar mota. Na ci tuwo a Agadas, na sha ruwan sama a Fatakwal, an cuce ni da Faransanci a Njamaina. Duk tashar da na kwana sai an taru a kaina ana dariya, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina wa ya koya mini ba.

Sai watannin baya, na je gaishe da Asabe bayan la'asar, na tarar da 'yarta Mairo ta zo hutu daga Kafin Hausa inda take karatun kwamfuta. Tana zaune a kan tabarma, ta zuba wa kwamfutarta ido kamar ta yi mata laifi.

"Injiniya, wa ya mutu?"

"Kawu, bari kawai."

Uwar ce ta ba ni labari. Wai akwai wata gasa da ake yi a intanet, a ba ka kwana uku ka haɗa wasan kwamfuta daga farko har ƙarshe, sannan waɗanda suka shiga su buga na juna su rubuta ra'ayinsu. Wannan ne karonta na farko. Kwana ukun nan da ƙyar take tashi cin abinci. Mutum huɗu suka buga nata. Ɗaya ya rubuta cewa karatu ya yi yawa, ya gaji ya fita. Ɗaya ya ce ta yi ƙoƙari, kuma wannan ya fi ƙona mata rai. Yanzu ta ce za ta goge shi kafin a rufe gasar, ta koma kan abin da ake ba da maki a kansa a makaranta, ita da wasa har abada.

Ni ban taɓa buga irin wannan abu ba, amma ina da son ganin ƙwaƙwaf. Na ce kafin a binne shi a bar ni in ga gawar. Ta turo mini kwamfutar, Asabe ta turo mini farantin dabino.

Labarin wata yarinya ne 'yar mai haƙar rijiya. Na danna, rubutu ya fito, tarihin ƙauyensu. Na danna, tarihin kakanta. Na danna, yadda aka yi fari wata shekara. Ina ci ina dannawa, ƙwallayen dabino suna taruwa. Sai ga hoto, zanen hannu ne, ɗan karkatacce: uban yana can ƙasan rijiya, abokan aikinsa sun tafi sallah, igiya tana hannun yarinyar, hadari ya taso, gefen rijiyar ya fara zubewa. Aka ce in zaɓa: in riƙe igiya in yi ihu, ko in saki in ruga kiran mutane.

Sai da Mairo ta ce, "Kawu, danna mana," na lura dabinon yana hannuna, ban kai shi baki ba.

Na riƙe igiya. Mutane suka zo, uban ya fito lafiya. Na ce a mayar da ni baya, na saki igiya na ruga. Mutane suka zo, uban ya fito lafiya, hoto ɗaya, magana ɗaya.

Na so in ce mata ya yi kyau, don fuskarta ta ba ni tausayi. Amma wani ya riga ya gaya mata haka, ga kuma inda ya kai ta. Sai na nuna mata ƙwallayen.

"Goma sha ɗaya na ci a kan tarihin kakanninku. Na sha biyun ga shi, a bakin rijiya ya tsaya. Wa ya koya miki wannan wurin?"

"Ba kowa. A daren ƙarshe na rubuta shi, a gurguje."

"To shi ne wasan. Amma gaya mini, don me kika tambaye ni in zaɓa, alhali kin riga kin yanke hukunci?"

Ta ce, "Ban iya bari wani abu ya same shi ba, Kawu."

"Ni ma ban ce ki kashe bawan Allah ba. Ina tambaya ne, in yarinya ta saki igiya, me za ta tarar in ta dawo?"

"Ruwa zai shiga." Ta ɗan gyara zama. "A'a, tsaya. Ai akwai jakinsu. In ta ɗaura igiyar a jikin jaki fa? Amma jaki yana tsoron tsawa..."

Daga nan ba da ni take magana ba. Ta janye kwamfutar daga cinyata ko sannu babu. Asabe ta dube ni, na ɗauke farantin dabinon na koma gefe.

A hanyar gida nake ta juya abin. Da Iya ta yabe ni a daren nan, da na ci gaba da lissafa rumbuna har na tsufa. Da ta kushe ni, da ban sake buɗe baki ba. Ita kuwa sai ta nuna mini wuri ɗaya mai rai, ta yi tambayar da ita kanta take son jin amsarta. Yaro yana gane wanda yake son jin ƙarshen labarinsa da gaske, da wanda yake lallashinsa kawai. Ashe babba ma haka.

Mairo ba ta goge wasan ba, ba ta kuma ci gasar ba. Bayan mako uku ta turo mini sabo a waya. Yanzu daga bakin rijiya yake farawa. Na buga sau biyar. Sau biyu jaki ya tsere da igiya, sau ɗaya na dawo na tarar ruwa ya kai wa mutumin ƙirji, har yau ban taɓa fito da shi babu rauni ba. Jiya na kira ta.

"Injiniya, tsakani da Allah, akwai hanyar da yake fita lafiya?"

"Akwai, Kawu."

"To ɗan raɗa mini."

"Ina cikin aji," ta ce, ina jin dariyarta, ta kashe wayar.

Mutumin yana can cikin rijiya. In na idar da la'asar zan sake gwadawa.