Goggon Kifi ta Ɗakin Bakwaini

Kafin mu masu aikin safe mu gama sauya kaya, Goggon Kifi ta riga ta iso barandar ɗakin bakwaini da bokiti biyu da tiyo a kafaɗa. Aikin da aka ɗauke ta shara ce da goge-goge, kuma sai ta gama shi tas take juyawa kan akwatin gilashin kifaye da ke jikin bango. Ta duba ma'aunin zafi, ta ɗora bayan hannu a gilashin kamar mai taɓa goshin yaro, sannan ta zura tiyo ta zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasa. Ruwan da za ta ƙara tun jiya ta tare shi ya kwana, don na famfo kai tsaye yana cutar da kifayen.

Diskus ake kiransu, masu faɗi kamar faranti, wasu ja, wasu shuɗi. Wani likita ne ya kawo su, da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi ya bar su. Ruwa ya koma kore, kifaye suka yi duhu suka maƙale a kusurwa, har aka fara maganar fitar da akwatin. Goggo ta roƙa a bar mata. Ta je wajen mai sayar da kifin ado ta tsare shi da tambayoyi, har ya ce, "Mama, ko shagon za ki karɓe ne?" Ta dawo da sanin cewa ba sa son sanyi, ba sa son hayaniya, ba sa son a cika musu abinci. "Ashe su ma bakwaini ne," in ji ta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin, kuma na san abin da bencin barandar nan yake ɗauka. Iyaye ne ke wuni a kai suna jiran a kira su. Tun da ruwan ya washe, sun sami wurin ajiye ido. Ranar da wuta ta ɗauke, janareta kuma ta jarirai ce kawai, na ga Goggo tana cika gorunan roba da ruwan ɗumi tana jefawa a akwatin, wata uwa na miƙo mata.

Abin da ba zan manta ba shi ne na wani direban babbar mota. Matarsa na kwance bayan an yi mata tiyatar haihuwa, 'yarsu kuma ba ta riƙe ɗumin jiki, nauyinta na raguwa. Muka ce ya buɗe riga a kwantar masa da ita a ƙirji. Ƙaton mutum ya ja da baya yana ɓoye hannu. "Sista, hannun nan taya ya saba ɗagawa. Karya ta zan yi." Muka yi lallashi har muka gaji.

Washegari Goggo ta same shi a benci ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana, zo riƙe min tiyo."

Ya taso. A lokacin wasu kifaye biyu sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan ƙanana kamar ƙwayar shinkafa sun yanyame jikin ɗaya suna tsotsa, domin daga fatar iyayensu suke fara ci.

"Uwar ce wannan?" ya tambaya.

"Uwar ga ta can tana hutawa. Uban ne."

Ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya. "Goggo, da kifi za ki kunyata ni?"

"Ni ban ce komai ba. Riƙe tiyo da kyau, kana jiƙa min ƙasa."

Da hantsi ya shigo yana ɓalle maɓallan riga da kansa. Ya zauna, muka kwantar masa da ita a ƙirji. Kullum sai ya zo, har yarinyar ta yi nauyin sallama.

Goggo, ke ce kika ɗauki abin da ba a rubuta miki a aiki ba kika raine shi. Ke ce mai sanyaya zuciyar masu jira ba tare da dogon wa'azi ba. Uwar marasa baki, ba ki taɓa neman a yaba ba.

A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ta riga ta koya wa abokiyar aikinta komai, sai dai kifayen har yanzu gudu suke idan ita ce ta matso, Goggo kuwa tun daga nesa suke tasowa su jeru a gilashi. "Za su saba," take cewa, amma kowa na ganin daɗin da take ji.

Mun gode, Goggo. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba wurin aikinsa. Akwai wani abu a kusurwa da aka ce ba aikin kowa ba ne. Ka ɗauki bokiti.