Kofin da Ke Kan Taga

Hantsi ne, hadari ya haɗo tun safe amma ruwan ya ƙi sauka. Ina zaune a gefen gadon Baba a ɗakin maza na asibiti, ina kallon tagar da Sista Mai Kofi take ajiye kofinta. Jiya ta yi ritaya. Ni ban yi nisa a boko ba, walda nake yi. Jinyar Baba ce ta zaunar da ni a nan har na san ta.

Kullum da safe, kafin ɗaliban likita su taɓa marar lafiya, sai ta cika kofin roba fal, ta ba kowa ya riƙe. Wanda ruwan ya tsaya cak a hannunsa ya wuce. Wanda hannunsa ya yi rawa kuwa, sai ta tambaye shi yaushe rabonsa da barci, me ya sa a cikinsa, ta zaunar da shi a benci. Suna yi mata tsiya, wai ta ƙera na'urar da ba ruwanta da ɗauke wuta. Takan yi murmushi ta ce, "Ɗana, hannun da ya zubar da ruwa zai iya zubar da jini."

Masu jinya shaida ne ranar da wata ɗaliba, ta kwana a tsaye ga jarrabawa a gabanta, ta ɗauko allurar mai gadon kusa za ta yi wa Baba. Sista ta riƙe mata hannu, ba tsawa, ta sa ta karanta sunan da ke jikin allurar a fili. Yarinyar ta fashe da kuka. Sista ta rarrashe ta, ta ce kuskuren da aka faɗa yana da magani, wanda aka ɓoye shi ke kai mutum kabari.

Sista, ke ce katangar da ba a sanin amfaninta sai ta faɗi. Na gode, Sista, Allah ya saka miki. Ku ma'aikatan da kuka rage, don Allah ku riƙa duban hannun yaran nan. Gajiya ta cinye su, ba mai tambaya.

Sai dai ban ga mai ɗaukar aikin nata ba. Ɗazu wani ɗalibi ya shigo, idonsa jajir, zai sa wa Baba ƙarin ruwa. Na tashi na ɗauko kofin da ta bari a kan taga, na cika shi na miƙa masa. Ruwan ya zubo masa har gwiwar hannu. Bai gane ba. Ya shanye sauran, ya ajiye kofin, ya jawo hannun Baba yana laluben jijiya.