Gimbiyar da Aka Bari a Rataye

Wallahi har yau in na tuna mutumin da ya rubuta littafin nan sai raina ya ɓaci. Ban san shi ba, ko hotonsa ban taɓa gani ba, amma ina da magana da shi. Ku tsaya ku ji.

Muna unguwar Doka a Kaduna lokacin, Baba yana akawu a ofishin gwamnati. Da an ci tuwo, Kaka, mahaifiyar Baba, takan jawo garwashi tsakar gida, ta zauna tana ɓarar gyaɗa, ta ce mini, "Angona, matso, ga wata tatsuniya nan ta iso ƙofa." Ni kuma in ce a shigo da ita.

Rannan Baba ya dawo da littafi. Wani Bature ne zai koma ƙasarsu ya watsar da tarkacensa, Baba ya tsinto. A bangon an zana ƙato da takobi, mace a bayansa, sama kuma rana biyu. Ya fara karantawa yana juya mana da Hausa, mu yara muka watse muka bar Kaka da gyaɗarta.

Kai, labarin nan! Wani soja ne ya faɗa tsohuwar rijiya, ya ɓullo a wani tauraro. Can rana biyu ce, ɗaya na faɗuwa ɗaya na fitowa. Mutanen wurin manyan fara suke hawa maimakon dawaki. Ya yi yaƙi, aka kama shi, ya tsere, ya ga gimbiyar ƙasar ya rikice. Kaka ta juya mana baya wai ba ta ji, amma can sai ka ji ta ce, "Ƙasar da babu dare, yaushe suke tatsuniya? Ƙarya ma a yi ta da hankali mana."

Aka zo inda maƙiya suka sa gimbiya a keji, suka rataye ta da sarƙa bisa ramin wuta. Sarƙa ta fara tsinkewa, soja yana gudu a kan gada. Sai Baba ya rufe littafi.

Na ce, "Baba, ci gaba!"

Ya ce, "Ya ƙare. Sauran yana littafi na gaba, kuma babu shi a Kaduna."

Kaka ta juyo gaba ɗaya. Ba ta kiran sunan Baba, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai akawu, ƙarewa kamar yaya? Ina yarinyar?"

"Tana keji, Inna."

"Ya buɗe tatsuniya bai rufe ba? Ko gizo ba a barinsa a hanya, balle 'yar mutane a kan wuta! Wace uwa ta haifi wannan marar kunya?"

Na roƙe ta ta ƙarasa mana. Ta ƙi. A wurinta bakin da ya buɗe shi ke yin ƙurunƙus, ba a rufe wa wani tatsuniyarsa. Amma fa abin ya tsaya mata a rai. Shekaru suna tafiya, tana tsufa, in na shigo daga shagon ɗinki inda nake koyo sai ta ce, "Angona, har yanzu tana can?"

Don haka na koyi Turanci. A elementare Hausa muka fi yi, saboda haka da ƙamus ɗin Baba na riƙa tono kalma ɗaya ɗaya, in na maƙale in tare masu kawo ɗinki in tambaye su. Bara, wajen mai tsofaffin littattafai a kasuwa, na hangi rana biyun nan a bangon wani littafi. Ashe na gaban ne, nan take na saya. Lokacin Kaka ta kwanta ciwo, ni kuwa na duƙufa karatu ina tsoron kada ta riga ni.

Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya ciro ta daga keji a shafin farko, a shafin ƙarshe ya kulle ta a jirgin da ke nutsewa! Na yi jifa da littafin har ya tsinke.

Na je gefen Kaka na ba ta labarin duka. Ta yi tsaki mai tsawo. Ta ce, "Wannan ba mai tatsuniya ba ne, ɗan tireda ne. To amma yanzu daga bakinka na ji ta, ta zama taka. Rufe."

Na rufe. Na fasa jirgin, na fito da ita, na ɗaura musu aure. Kaka ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Shi ke nan? Ya je har taurari, ba zai dawo ya gai da uwarsa ba?" Na dawo da shi ta rijiyar, na durƙusar da shi a ƙofar ɗakin tsohuwarsa. Sannan ta ce madalla, ta nemi kunu.

Yanzu ina karanta irin littattafan nan duk inda na same su, kuma ina son su, ba zan ɓoye ba. Wanda ya ƙago duniya guda daga kansa gwani ne. Amma ya ɗauka duk mai saurarensa yana da gobe, yana da kantin da zai je ya sayo sauran. Bai taɓa zama gaban tsohuwa mai ciwo tana jiran ƙarshe ba. Ni na zauna, shi ya sa ban yafe masa ba.