Shekarar da Hangum Ya Sauko wa Baffa

A ƙauyenmu da ke tsakanin Madani da Sinnar, idan hangum ya kama yaro, wurin Baffa ake kai shi. Baffa yayan mahaifina ne, mai hawasha, wato gonar ban ruwa, a bakin magudanar da muke kira tur'a, mai murya kamar injin ban ruwa. Zai jiƙa bular wanki a murfin gwangwani, ya ɗiɗɗiga wa yaro a kumburarren kumatu, ya matso da fuska ya yi tofi. Bayan kwanaki yaro ya warke, kamar yadda zai warke ko wurin jaki aka kai shi, amma Baffa ke karɓar godiyar. Babban alfaharinsa shi ne bai taɓa yin hangum ba, wai ciwon tsoronsa yake ji.

Abu ɗaya ya hana shi sakat: duk 'ya'yansa mata ne. Yana son namiji wanda zai gaji hawasha, har ya ɗaure rago a bayan ɗaki yana jiran sunan magaji. Rago ya tsufa ya sayar, ya sayi wani.

Ana haka ɗan gwaggona ya dawo daga Jidda, inda aka haife shi, ya ce yana son babbar 'yar Baffa. Ita ma tana so, gari duk ya sani. Sai Gwaggo, da bakinta da ba ya riƙe ruwa, ta yi fariya a gidan biki cewa a can ba a ɗaukar yaro makaranta sai an yi masa allurai, har da ta hangum. Mu a nan ta ƙyanda muka sani, ita ma rabin gari ɓoye yara suke yi. Magana ta kai kunnen Baffa.

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Wanga yaro sun tsire shi tun yana ƙarami, sun kashe mishi baya. Ban ba da ɗiyata ga wanda ba ya haihuwa."

Ranar na ji haushin da har yau bai gama sauka ba. Yarinya ta rame, saurayi ya koma ɗinki a shagonsa, maza na wucewa suna ƙunshe dariya.

Lokacin tsinkar auduga hangum ya shigo, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira abu idelat. Ya bi yaran makaranta gida gida. Layin ƙofar Baffa ya kai bakin masallaci, yara na yi masa tari a gemu yana tofi. Sai ciwon ya tsallaka kan manya. Su kuwa manya bai tsaya musu a kumatu ba, ƙasa ya sauka.

Ban taɓa ganin tafiya irin ta mazan garinmu a wannan shekara ba. Kowa ya buɗe ƙafa, ya ɗago gaban jallabiya da yatsu biyu, yana takawa kamar mai tsallake ƙwai. Kuma in ka tambaya, wai babu mai hangum a cikinsu. Wannan jaki ya kayar da shi, wancan kunama ce. Kunamun garinmu a shekarar wuri ɗaya suka iya harbi. Wata maƙwabciyarmu kuma ta tashi da kunne ɗaya a toshe, bai sake buɗewa ba, kuma wannan babu wanda ya yi masa dariya.

Ɗan Jidda ma ya kamu. Baffa ya yi murna: "To ina allurar?" Amma ɗan kumburi ne a gefe guda, ko shago bai rufe ba. Kafin murnar ta huce, Baffa ya kwanta a gadonsa na angareb da zazzaɓi, ba ya iya haɗa gwiwoyinsa. Ya shafa bula har gwangwani ya ƙare. Da abin ya ci tura, ba a sami namiji mai miƙewa da zai kai shi asibitin Madani ba sai wanda aka ce an kashe masa baya. Shi ya cicciɓe shi ya sa a bayan boksi, motar a-kori-kura.

Ni na bi su da kwanon abinci, da kunnena na ji likita. Ya ce hangum ya fi muni ga baligi, kuma wanda aka yi wa allura ko ya kamu, yawanci da sauƙi yake zuwa masa. Baffa ya tambaya ƙasa ƙasa, muryar injin nan ta koma ta sauro:

"Ya daktor, haihuwa fa?"

Likita ya ce yawanci ba ya hanawa, amma yakan rage, sai a jira a gani.

Baffa ya jira. Ko hangum ne, ko shekaru, Allah ya bar wa kansa sani, amma gidansa ba a sake jin kukan jariri ba. Auren kuwa ya ba da shi bayan girbi, ba tare da ya kalli kowa ba, yana cewa dama can gwada haƙurin yaron yake yi.

Shekara na zagayowa amarya ta haifi namiji. Ranar suna aka rasa Baffa a zaure. Na same shi bayan ɗaki shi kaɗai, yana kwance igiyar ragon nan. Na zo da baƙar maganar da na daɗe ina tanadi, amma ya riga ni. Ya miƙo mini igiyar.

"Kai musu," ya ce. "Ki ce ma uban yaron ya kai shi a yi mishi allurar."