Ranar da Keke Ya Hau Nicodemus

Da aka fara ba ni labarin cewa a garin Greensboro, can ƙasar waje, akwai manyan mutane masu aiki da iyali da ke tashi da safiyar Asabar su je tseren keke cikin taɓo, ban yarda ba. Na yi shekara huɗu ina karatu a garin kafin in koma gida, ban taɓa cin karo da haka ba. Mu da muka tashi inda damina ke raba ƙauye da kasuwa, taɓo abin gudu ne a wurinmu. Da aka ce har da namu a ciki, wani dattijon coci mai shekara hamsin da huɗu, sai na ce sai na ji daga bakinsa. Da na dawo ziyara bana, na neme shi.

Sunansa Nicodemus, mutumin Bokkos ne a jihar Filato. Shekara goma sha tara ke nan yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a gidajen mutane, yana zaune a McLeansville da matarsa Celina. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya makara a sujada, ba ya shiga harkar da ba tasa ba. Aibinsa ɗaya ne, wato labarin dankali.

Wai yana da shekara goma sha bakwai, a tsakiyar watan Agusta, ya ɗaura buhu biyu na dankalin turawa a keken babansa, ya kai su kasuwar Bokkos daga ƙauyensu cikin ruwa da taɓo, bai sa ƙafa a ƙasa ba ko sau ɗaya. Ya ba da labarin nan a wurin suna, ya ba da shi a wurin aure, ya taɓa ba da shi a gidan gaisuwar rasuwa. Ba shi da hoton babansa, ba shi da na keken. Labarin ne kawai ya ƙetaro da shi.

Abokinsa Gregory, mutumin Kagoro, direban motar 'yan makaranta, shi ne ya gaji. Wata Lahadi a taron zumuntar maza ya ajiye wata takarda a kan tebur. Tseren keke ne a wata gona kusa da Pleasant Garden, zagaye uku cikin daji, kuma dokar ita ce keken da ba a canja masa giya kawai ake so, irin na da.

"Ga irin keken babanka, ga taɓo," in ji Gregory. "Ba buhu ma. Ka gama zagaye uku kafin awa biyu da rabi, mu ci gaba da jin labarin dankali har mu mutu. In ka kasa, a binne labarin har abada."

"Kai da ba ka iya hawa keke ba, kai ne alƙali?"

"Ni ai zama nake yi, mota ta kai ni. Ka yarda ko ba ka yarda ba, dattijo?"

Maza goma sha ɗaya suna kallonsa. Nicodemus ya miƙa hannu.

Ya samo wani tsohon keke a kasuwar kayan gwanjo, ya yi mako uku yana mai da shi mutum. Ya sa masa ƙararrawa. Ya sa masa kariyar ɗaukar kaya a baya. Sannan ya ɗaura masa murfin taya na ƙarfe gaba da baya, domin a garinsu keken da ba murfi keken yaran banza ne, mai fesa wa mutum taɓo a gadon baya. Ya kuma feƙe wani ɗan itace ya soke a aljihu, don a gida haka ake yi: in laka ta taru a ƙarƙashin murfi, sai ka tsaya ka tsokale ta, ka wuce.

An yi kwana biyu ana ruwa kafin ranar. Da suka isa gonar, Nicodemus ya tsaya ya ƙare wa abokan karawarsa kallo. Wani ƙato mai gemu ya sa rigar da ta mai da shi ayaba. Wata mata ta ɗaura kunnuwan zomo a kan hular kwanonta. Shi kuwa ya zo da wando mai kari, ya cusa ƙafar wandon cikin safa.

Matar da ke ba da lamba ta duƙa ta duba kekensa, ta ce masa cikin ladabi gara ya kwance murafun nan.

Ya yi mata godiya, ya gaishe ta da aiki, ya bar su inda suke.

"Baban Nanret, matar nan fa a nan aka haife ta," in ji Celina.

"Ni kuma a cikin taɓo aka haife ni."

Aka busa usur. Rabin mil na farko ya yi daɗi, har yana kaɗa ƙararrawa in zai wuce mutum. Da suka gangara cikin itatuwa sai keken ya fara nauyi, ya fara gurnani, sannan ya tsaya cak kamar an riƙe shi ta baya. Nicodemus ya sauka, ya zaro ɗan itacensa da murmushin wanda ya san aikinsa. Ya tsokala sau biyu, itacen ya karye.

Ya ɗebo lakar ya murza a yatsa. Jar ƙasa ce mai danƙo, ta cakuɗe da busassun ganyaye masu kama da tsintsiya. Nan ya gane abin da yake fama da shi. Wannan ba taɓon hanya ba ne, taɓon gini ne, irin wanda ake kwaɓawa da ciyawa a yi katanga. Ya gina wa kansa katanga biyu, ɗaya a kowace taya.

Zagayen farko ya ci masa minti hamsin da biyar, yana ja yana tsokala da yatsa. A bakin hanya Gregory na zaune kan kujerar roba, yana cin ƙosan da Celina ta kawo wa mijinta.

"Ga sifana nan a mota, dattijo. In kwance maka murafun?"

"Ka ci ƙosanka."

"Na ga ƙafa a ƙasa fa. Har biyu na gani."

Nicodemus ya ci gaba da jan kekensa. Ya duba gaba, ya ga ba shi kaɗai ba ne. Ayaba na turin kekensa yana nishi. Mai kunnen zomo ta rataya nata a kafaɗa, duk taku goma sai ta canja kafaɗa. Babu wanda ke kan sirdi. Ya yi lissafin lokacin da ya rage, ya ga in ya ci gaba da ja, labarin babansa ya mutu a gonar wani Bature.

Sai ya cire hular kwano ya rataye a kan keke. Ya tuɓe rigarsa ta sama, ya naɗe ta ya yi gammo. Ya durƙusa, ya cicciɓi keken da lakarsa da murafunsa, ya kwantar da shi a ka, ya ɗan girgiza wuya har ya zauna daidai. Ya kama hanya.

Wanda bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba bai san saurin da ke cikinsa ba. Bayansa a miƙe, idonsa na ganin inda zai taka, hannu ɗaya kawai ke tallafe da ƙarfen. Ya wuce mai kunnen zomo ya ce mata sannu. Ya wuce Ayaba a hawan tudu, shi ma ya gaishe shi. Ayaba ya gwada ɗora nasa a kan hular kwano, keken ya zame, suka kwanta tare a cikin kwata. Nicodemus ya dawo baya taku biyar, ya miƙa masa hannun da ba ya aiki, ya tashe shi, kekensa na bisa kai bai motsa ba.

Wani mai sa ido ya biyo shi da gudu yana cewa dole hula ta kasance a ka. Suka yi 'yar muhawara a tafe. Nicodemus ya ce doka ta ce mai hawa keke ya sa hula, shi kuwa keke ne ya hau shi. Mutumin ya ɗauke shi hoto ya koma.

Ya ƙetare layi saura minti shida lokaci ya cika, na talatin da ɗaya cikin mutum arba'in. Ya sauke keken a hankali, ya zauna a ƙasa da wandonsa mai kari.

"Ban yarda ba," in ji Gregory. "Wannan dako ne, ba tsere ba."

"Cewa ka yi ya gama, ya kuwa gama," in ji Celina. "Ba ni kwanona."

Nicodemus ya daɗe yana numfashi. Da ya samu magana, bai ɗago kai ba.

"Gregory, ranar dankalin nan ma haka aka yi. Da na isa rafi, buhu ɗaya na fara ƙetarwa a ka, na dawo na ɗauki na biyu, na dawo na ɗauki keken. Daga nan har kasuwa turawa na yi."

Gregory ya yi dariya har kujerar roba ta nutse da shi a laka. Amma ranar Lahadi shi da kansa ya tashi a gaban zumuntar maza ya ce labarin dankali na nan daram, sai dai daga yau da rafi a ciki. Ya ce wannan ɗin ya yarda da shi, don ya ga wuyan da ya yi aikin.

A garejinsa na same shi, yana wanke keken da tsohon burushin haƙori. Na tambaye shi me ya sa duk shekarun nan bai taɓa faɗin zancen rafin ba.

Ya ce, "Farkon zuwana ƙasar nan da rafin nake ba da shi. Sai na lura mutane na tashi neman ruwan sha tun kafin in ƙetar da buhu na biyu."