Yadda Na Shafe Muryar Gwaggona

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da na aikata shekarun baya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna raye, muna kuma haɗuwa a kasuwa da masallaci.

A lokacin ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a wani gari na Damargu tsakanin Tanut da Belbeji. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji, jarrabawa ta kayar da ni, na dawo gida ina noman gero da 'yan'uwana. Abin da Allah ya ba ni shi ne murya. Da aka buɗe gidan rediyon karkara a garinmu, daraktan, wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da ya bar koyarwa, ya ɗauke ni aiki, ya ba ni shirin tarihi da al'adu na ranar Alhamis. Nakan hau babur da rakoda in shiga ƙauyuka, har wajen Ollelewa da Falanko. Na ɗauki tsofaffin da suka bi ayari suna ba da labarin yadda ake kai gero arewa a sauko da gishiri da dabino. Na ɗauki kiɗan gayya, da kirarin 'yan kokawa, da kiɗan tende na matan Abzinawa, da Fulani suna yabon shanunsu a bakin rijiya. Cikin shekara huɗu kaset-kaset suka cika wani akwatin ƙarfe a ofis. Uku daga ciki na gwaggona ne, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. A ciki ta yi waƙoƙin niƙa da na daɓe, ta kuma jero sunayen kakanninmu da yadda suka taso suka haƙa rijiyar farko ta ƙauyenmu tare da wasu Barebari.

Sai wata ƙungiyar addini ta shigo garin. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi ayyukan alheri. Sun gyara rijiyoyi biyu, sun buɗe wa matan aure makaranta, ni kaina a wurinsu na gyara karatun Fatiha da na daɗe ina yi da kuskure. Shugabansu malami ne mai matsakaicin shekaru da ya yi karatu a waje, mai sanyin magana. Na zama ɗan gaban goshinsa. Sannu a hankali karatun ya fara karkata. Yakan ce ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ba ta buƙatar wata shaida ban da Musulunci, kuma zancen Bahaushe da Babarbare da Ba'abzine da kiɗe-kiɗensu ragowar jahiliyya ne da Faransawa suka raya don su raba mu. Yakan ce tsayuwa ga taken ƙasa girmama abin da bai cancanta ba ne. Ni da jarrabawar lakwal ta bar wa ciwo a zuciya, maganar ta zauna mini daidai.

Da zaɓe ya matso, wani attajirin dillalin dabbobi da ke neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya haɗa kai da ƙungiyar. Ya saya wa rediyo allunan hasken rana da sabuwar na'ura, daga nan kwamitin da ke kula da rediyon ya cika da mutanen malam. Aka daina sa taken ƙasa wajen buɗe tasha. Aka soke shirina na Alhamis, aka ba ni gabatar da wa'azi a madadinsa, wa'azin da kullum yakan ƙare da kiran a zaɓi mai tsoron Allah, kowa kuwa ya san wa ake nufi. Tsohon darakta ya yi gardama a taro biyu, ya ce rediyon ta kowa ce, aka fara cewa shi ɗan boko ne maƙiyin addini. Malam ya kira ni gefe ya shaida mini cewa kujerar darakta za ta zama tawa, sai dai kwamiti na so ya ga inda na tsaya. Ya ce ajiye waɗannan kaset-kaset da sa su duk ɗaya ne, ga shi kuma ana buƙatar abin da za a naɗi wa'azi a rarraba ƙauyuka.

Tsohon darakta ya ji labari. Ya same ni a ofis da hantsi, ya ce: "Ɗana, kawo akwatin nan gidana in ajiye. Ba wanda zai saurara, ba wanda zai sani. Mutanen da ke ciki rabinsu sun riga mu gidan gaskiya." Na ce masa ba zan taya shi ɓoye ɓarna ba. Da la'asar na kai wa malam maganar kamar yadda aka yi ta. Kafin mako ya zagayo an sallami daraktan.

Kwana tara na yi ina naɗar wa'azi a kan kaset-kaset ɗin. Ba wanda ya tsaya a kaina da sanda. Wani ɗan kwamiti kan zauna a ofis yana shan shayi yana tattara waɗanda na gama, shi ke nan. A rana ta ƙarshe na iso kan na gwaggo. Na gane su da rubutuna a jiki. Aljihun rigata na da faɗi, mutumin kuma bai iya karatun boko ba, da na zura su ba zai taɓa sani ba. Amma sai na ɗaga su na nuna masa, na ce waɗannan na wadda ta rene ni ne, don ya je ya faɗa wa kwamiti cewa ba na son kai. Ya yi kabbara, na sa su a na'ura ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fi tunawa shi ne ban ji komai ba. Hankalina na kan yadda labarin zai isa kunnen malam.

Gwaggo ta lura shirin Alhamis ya tsaya. Da na je gaishe ta ta tambaye ni, na zauna na yi mata wa'azi mai tsawo a kan waƙa da muryar mace. Ta saurara tana tsince wake. Da na gama ta ce ita dai tun kafin a yaye mahaifina take salla, azumi bai taɓa wuce ta ba, kuma ba ta san waƙar da mace ke yi a kan dutsen niƙa don ta manta da ciwon baya tana ɓata wa Allah rai ba, amma tunda na yi karatu ta bari. Sai ta tambaya ko waɗanda na ɗauka suna nan. Na ce suna nan. Ta ce to madalla, a adana. Daga ranar ban sake jin ta yi waƙa ba.

Ɗan takararmu ya ci zaɓe. Ranar murna ya ɗauko makaɗa daga Damagaram, aka cika filin kasuwa da kalangu da rawa, aka buɗe taro da taken ƙasa, kowa ya miƙe. Malam na sahun gaba, shi ma a tsaye. Ni na riƙe makirfo ina watsa bikin kai tsaye a matsayin sabon darakta. Bayan kwana biyu na tambayi malam yadda aka yi haka, ya ce siyasa sai da haƙuri, akwai abin da ake kawar wa kai don a samu wanda ya fi shi. Ban ƙara tambaya ba. Na riƙe kujerar shekara uku. Da malam da depite suka ɓata a kan wanda za a tsayar magajin gari, aka rushe kwamitin, amma ni aka bar ni, don na iya aikin kuma ba na gardama.

A shekara ta ukun gwaggo ta rasu bayan gajeruwar jinya. Tana da 'ya ɗaya mace da ke aure a wajen Tanut. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa yi mini magana ba tare da tsokana ba, kullum ni bawanta ne da ta saya da ƙwaryar fura. Bayan sadakar bakwai ta zo rediyo da safe, da wayarta a hannu. Ta shigo tana cewa bawa ya tashi ya ba uwargijiyarsa kujera. Sannan ta ce gwaggo ta gaya mata a kan gadon jinya kada ta damu da haddace sunayen kakanni, duk suna wurina a ajiye, har da waƙoƙin. Tana so in zuba mata a waya, don 'ya'yanta su san daga inda suka fito, ita kuma ta riƙa jin muryar uwarta.

Na ce bari in duba. Yawancin kaset-kaset ɗin an rarraba su, amma 'yan kaɗan sun rage a akwati, cikinsu har da ɗaya na gwaggo. Na sa shi, ina fatan ko na'ura ta yi kuskure a wancan lokacin. Muryata ce ta fito, tana gabatar da malam tana kiran jama'a su fito zaɓe. Na tura gaba, wa'azi. Na juya ɗaya gefen, wa'azi. Sai can ƙarshe, inda wa'azin ya ƙare kafin zaren ya ƙare, muka ji gwaggo tana dariya tana cewa in kashe abin nan haka, ta gaji. Abin da ya rage ke nan. Na faɗa wa taubashiyata komai, ban rage ba, har da ɗaga kaset ɗin da na yi na nuna. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in zuba mata wannan ɗin. Na zuba. Ta gyara mayafinta ta ce: "Na gode, Darakta." Shekaru sun shuɗe, muna gaisawa a biki da rasuwa, tana tambayar iyalina cikin ladabi. Ba ta sake tsokanata ba.

Na ajiye aikin a daminar da ta biyo. Ban bar addinina ba, ina ma ganin yanzu na fi riƙe shi da gaskiya. Na je wurin wani dattijon malami na garinmu wanda bai taɓa shiga ƙungiya ko jam'iyya ba, na tambaye shi hukuncin abin da na yi. Ya ce zancen kiɗa da waƙa malamai sun daɗe suna saɓani a kai, kowa da hujjarsa, amma bai san malamin da ya yi saɓani a kan cin amana da yi wa uwa ƙarya ba. Na nemi tsohon darakta in roƙi gafara, na tarar ya koma Damagaram wurin 'ya'yansa, ya rasu can. Daga baya na koma wasu ƙauyukan da waya don in sake ɗauka. Tsofaffin sun tafi. 'Ya'yansu kan fara waƙa su tsaya a tsakiya, su ce sauran ya ɓace musu. Sunayen kakanninmu kuwa, ni da 'yan'uwana mun haɗu mun iya kaiwa huɗu. Gwaggo ta jero tara.

Abin da na fahimta shi ne mutanen da na ɗauka Musulmi ne tun kafin a haifi malam da depite, kuma Musuluncinsu bai hana su zama mutanen Damargu ba, bai hana su zama 'yan Nijar ba. Wanda ya ce sai mun goge ɗaya kafin ɗayan ya tsaya, ya kamata a dubi abin da yake nema. A wurinmu ƙuri'a ce ake nema, da aka same ta kuwa aka kira makaɗa. Amma ba zan jibga musu laifin duka ba. Ni ma kujera nake nema, na lulluɓe ta da tsoron Allah har na yaudari kaina.

Ina jan kunnen matasa, musamman waɗanda aka ba riƙon wani abu na jama'a, ko rediyo ne, ko makaranta, ko labarin gidansu. In wani ya zo muku da aya a baki da ɗan takara a bayansa, ku saurari ayar, ku je ku tambayi malamin da ba ya neman komai a wurinku. In kuna shakkar abu, ku rufe shi ku ajiye, kada ku lalata. Ra'ayi kan canja, ni shaida ne, 'yan siyasa kan ɓata su shirya. Tsohuwar da ta ba ka abin da ke kanta ta ce ka adana, ita ba za ta dawo ta maimaita maka ba.