Safsaf ɗin Inna a Utaibiyya

Innarmu wankau take yi wa wani gidan Larabawa a Makka. Idan zafi ya tsananta sukan tafi Ɗa'ifa shan iska, wata shekara suka tafi da ita. Da ta dawo, mu yara muka rufe ta muna jiran rumman da inabi. Akwai su kuwa, amma abin da ta riƙe a hannu kamar jariri wani reshe ne da bai fi kamu ɗaya ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta ce itace ne, Larabawa na ce masa safsaf, a bakin wata rijiya ta ga uwarsa, rassanta sun zubo har ƙasa kamar mace ta kwance kitso. Wai ta daɗe tsaye tana kallo har uwar ɗakinta ta aiko a kira ta.

Lokacin muna haya a Utaibiyya, wata unguwa a Makka, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai duwatsu. Baba ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda yake yawo da su gida-gida, saboda haka ya san wahalar kowane ɗigo. Ya tambayi Inna ko ana cin 'ya'yan abin, ta ce ba ya 'ya'ya. Ko magani ne? Ta ce ba ta sani ba. Ya yi dariya ya ce to a Makka ko mutum sai da dalili ake ba shi ruwa.

Inna ta haƙa rami a gindin bangon da rana ba ta cika duka ba, ta cire duwatsu da hannu, ta haɗa ƙasa da kashin awaki. Ruwan wanki ba ya zuwa wurin, ta ce sabulu zai kashe shi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa kawai. Daga ranar, duk mai alwala a gidanmu a cikin tasa yake yi, ni kuma in kai in zuba a hankali.

Reshen ya yi toho, ya kai ƙuguna, sai akuyar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Cadi, ta shigo ta cinye shi saura kara. Inna ta zauna a ƙasa a gindinsa. Tsohuwar ta zo ban haƙuri, washegari ta dawo da kanta da tsofaffin gwangwanaye da waya ta kewaye shi. Ya sake toho.

Zafin shekara ta biyu ne ya kusa gamawa da shi. Iska mai ƙuna ta kwana tana busawa, ganyen ya murɗe ya koma ruwan ƙasa. A lokacin kuma Inna na kwance, ta haihu jaririn bai zo da rai ba. Ba ta cin abinci, ba ta magana, idonta kan bango. Wata rana da azahar na ga Baba ya shigo da garwa cike, ƙafarsa duk faso, ya wuce randa ya juye ta a gindin safsaf. Ya kafa sanduna ya yi masa rumfa da buhuna. Sannan ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Ke, itacenki na tambayarki," in ji shi.

"Ya mutu, Malam."

"Bai mutu ba. Na kankare ɓawon da farce, cikinsa kore ne. Taso ki gani."

Ba ta taso ranar ba. Sai da aka kwana biyu ta fito dafe da bango, ta tsuguna, ta kankare da kanta, ta daɗe tana duban farcenta. Daga nan ta ce in ɗora mata kunu.

Safsaf bai taɓa zama kamar na Ɗa'ifa ba. Da kaɗan ya wuce tsawon Baba, ganyensa ba yawa, duk bazara sai ya ƙone rabi. Amma rassan sun sunkuyo yadda take so, kuma matan unguwa suka mai da gindinsa wurin ɓarar gyaɗa da la'asar. Wata ma takan ce yana tuna mata bakin kogin garinsu, ko da yake a can ba irinsa.

Bayan wasu shekaru mai gidan ya ce zai gina ɗakin alhazai a tsakar gidan, har inda safsaf yake. Inna ba ta yi gardama ba, gidansa ne. Kafin magina su zo ta bi rassan da wuƙa, ta raba wa duk matar da ta miƙo hannu, tana gaya wa kowace kada ta kusance shi da ruwan sabulu. Yawancinsu sun bushe. Na gidan tsohuwar nan 'yar Cadi ne ya kama, don ta riga ta sayar da akuyar, kuma can Inna ta koma zuwa hira.